Yadda Ake Zaɓar Kayak Don Doguwar Tafiya a Teku Mai Sanyi: Buɗaɗɗe Ko Rufaffe

Kayak ƙaramin kwale-kwale ne siriri da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Asalinsa daga mafarautan yankin ƙanƙara ne na can arewacin duniya, wato Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada, da Aliyut da Yufik na Alaska, waɗanda suka riƙa ɗinka fatar dabbobin teku a kan firam na itace, su bar rami guda a sama inda mutum zai zura ƙafafunsa. Har riga ta fata suke ɗinkawa wadda ake ɗaure bakinta a gefen ramin, ta yadda ko jirgin ya kife ruwa ba zai shiga ba. Daga nan rufaffen kayak na yau ya samo asali. Buɗaɗɗen kayak kuwa, wanda ake zama a bisansa kamar an hau doki, ya yaɗu ne daga gaɓar Kalifoniya ta Amurka, inda Tim Niemier ya fara ƙera shi a farkon shekarun 1970, kafin kamfaninsa na Ocean Kayak ya baza na roba a kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980. Ɗaya an yi shi ne domin ruwan da faɗawa cikinsa ke kashe mutum, ɗayan kuma domin masu son su sauka su yi ninƙaya su sake hawa, kuma har yanzu kowannensu yana ɗauke da halin inda aka haife shi.

Yawancin masu saye suna yanke shawara ne da abin da suka ji a minti goma na farko a kan ruwa mai kwance, inda buɗaɗɗe ke ba su natsuwa, rufaffe kuma ya riƙa rawa a ƙarƙashinsu. A ganina wannan ma'auni bai isa ba. Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne halin da za ka shiga bayan jirgin ya kife, kana cikin ruwa zuwa wuya, da irin tufafin da ke jikinka, a irin tekun da kake nufin shiga. Matakan da ke tafe duk a kan wannan tambaya aka gina su.

Mataki na farko: san sanyin ruwan da lamba

Kafin ka duba kowane jirgi, nemi sanin zafin ruwan wurin da za ka tuƙa a watan da za ka tuƙa, da lamba a ma'aunin Salshiyas. Zafin iska ba ya gaya maka komai game da wannan. Teku yana jinkirin ɗumama kuma yana jinkirin hucewa, shi ya sa a ƙasashen sanyi ruwa ya fi sanyi a ƙarshen hunturu da farkon bazara, daidai lokacin da rana ta fara fitowa mutane suka fara rage kaya. A gaɓar Birtaniya ruwa kan sauka ƙasa da digiri 10 a wannan lokaci. Akwai kuma wuraren da ko rana ta fito ruwan bai taɓa ɗumama ba, kamar gaɓar San Faransisko a Amurka, ko ɓangaren Atilantika na birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, inda ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku.

Duk ruwan da ya gaza digiri 21 ya cancanci a yi masa shiri, wanda ya gaza digiri 15 kuma ruwan sanyi ne mai haɗari, domin ruwa yana kwashe zafin jiki fiye da iska da kusan ninki 25. Abin da ke faruwa da wanda ya faɗa cikinsa yana zuwa ne daki-daki. Da fari jiki yana firgita, mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, idan kuwa kansa na cikin ruwa a wannan lokaci ruwan zai shaƙa. Numfashi ya riƙa fita da sauri, zuciya ta hau bugu, kuma wannan yana ɗaukar minti ɗaya zuwa uku kafin ya lafa. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya daɗe yana bincike a kan wannan firgitar, kuma tana kai maƙura a ruwa mai digiri 10 zuwa 15, ba sai mai ƙanƙara ba. Bayan ta sai sanyi ya kama tsokar hannu da yatsu. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita lamarin da lambobi uku, 1 da 10 da 1: minti ɗaya ka shawo kan numfashinka, kimanin minti goma da hannuwanka za su yi maka aiki, sannan kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar maka da hankali, muddin kana sanye da rigar ceto da za ta riƙe ka a sama.

Lamba ta tsakiya ita ce ta shafi zaɓen jirgi kai tsaye. Duk wata dabarar komawa cikin kayak da hannu ake yin ta, saboda haka jirgin da ba za ka iya komawa kansa ba kafin yatsunka su mutu bai dace da wannan ruwa ba, komai kyansa.

Mataki na biyu: fahimci yadda aka gina kowannensu

Buɗaɗɗen kayak kamar gora ne da aka toshe bakinsa: fankon jiki cike da iska, an lotsa samansa an yi wurin zama da wurin ƙafa. Akwai ramuka da suka ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, waɗanda duk ruwan da ya hau yake zurarewa ta cikinsu. Idan ya kife babu abin da za a kwashe, juyo shi kawai za a yi. To amma da yake mazauninsa yana sama da layin ruwa, wato iyakar inda ruwa ke kaiwa a jikin jirgi, dole a faɗaɗa shi don kada ya riƙa kifewa, shi ya sa faɗin yawancinsu ke tsakanin santimita 70 da 85, tsawonsu kuma mita 3 zuwa 4 da rabi. Ramukan nan ma hanya biyu suke yi: yadda ruwa ke fita ta cikinsu haka yake shigowa idan an yi wa jirgin nauyi, sai mutum ya yini zaune a jiƙe. Ana sayar da 'yan marufai na toshe su, sai dai da ka toshe ka hana jirgin zubar da ruwansa, don haka a cire su da zarar teku ya fara motsi.

Akwai wani rauni nasa da ba a cika faɗa ba. Da yawa daga cikin buɗaɗɗun ba su da wani bango a cikin fankonsu. Idan murfin ma'aji ya yi yoyo, ko gefen ɗaya daga cikin ramukan ya tsage, ko aka manta ba a ɗaure toshiyar zubar da ruwa da ke baya ba, ruwa zai riƙa taruwa a ciki a ɓoye. Jirgin ya fara nauyi, ya fara karkata duk inda ruwan ya gangara, daga nan ya kife, kuma ko ka hau zai sake kifar da kai, ga shi babu hanya mai sauƙi ta kwashe ruwan a tsakiyar teku.

Rufaffen kayak na teku ya fi tsawo da siranta, galibi mita 4 da rabi zuwa 5 da rabi, faɗinsa santimita 52 zuwa 60. Matuƙi yana zaune ƙasa-ƙasa a cikin rami, gwiwoyinsa sun tokare rufin jirgin daga ciki, ƙafafunsa na kan matakai, sannan ya sa marufin ƙugu, wato wani zane na roba da ke kama ƙugunsa ya kuma kama bakin ramin. A gabansa da bayansa akwai bangaye da suka raba cikin jirgin gida uku ko huɗu, kowane gida da murfinsa. Waɗannan gidaje su ne ma'ajin kaya, su ne kuma ke hana jirgin nitsewa, domin idan ya kife ramin zama kaɗai ke cika. Ana kuma zagaye samansa da igiya da wanda ke cikin ruwa zai kama.

A nan wajibi ne in yi gargaɗi game da nau'i na uku da ke rikita mutane. Akwai gajerun kayak da ake shiga cikinsu, masu ƙaton rami, marasa bango ko masu bango ɗaya tak a baya, waɗanda aka yi don shaƙatawa a tafki. Kamanninsu na rufaffen kayak ne, amma idan suka cika da ruwa sai ɓangare ɗaya ya nitse, ɗayan ya miƙe tsaye, kuma mutum ɗaya ba zai iya komawa ciki ba. Don ruwan sanyi a teku wannan nau'i ya fi sauran biyun haɗari, kuma ba ya cikin abin da ake zaɓa a nan.

Game da rawar da rufaffe ke yi, tsayuwar jirgi iri biyu ce. Akwai wadda ake ji yana kwance daidai a ruwa mai laushi, kuma a nan mai faɗi ya fi. Akwai kuma wadda ake ji bayan an karkata shi gefe, inda siriri mai kyakkyawan gini ke tokarewa ya ƙi wucewa. Idan raƙumin ruwa ya zo daga gefe, jirgi mai faɗi yana bin fuskar ruwan ya karkata tare da shi, siririn kuwa matuƙi na iya riƙe shi da gwiwa da ƙugu ruwan ya wuce ta ƙarƙashinsa.

Mataki na uku: auna tafiyar da kake nufi

Rubuta nisan da kake son yi a yini, da yawan kwanakin, da kayan da za ka ɗauka, da kuma nisan da za ka yi daga wurin da ake iya sauka. Rufaffen kayak mai kaya yana cin kimanin kilomita 5 zuwa 6 a awa a hannun matsakaicin matuƙi. Buɗaɗɗe mai faɗi ba ya kai haka, kuma da yake shi da matuƙinsa da kayansa duk suna sama, iska ta fi samun abin turawa. A tafiyar awa biyu bambancin ba shi da yawa. A tafiyar kilomita 25 da iska ta juyo gaba da yamma, shi ne bambancin isa masauki da rana da kuma isa cikin duhu a gajiye.

Kaya ma haka. Kowace lita ta ruwan sha kilo ɗaya ce, kuma mai tuƙi yini guda yana bukatar lita uku ko fiye, ga abinci da tanti da abin kwanciya. A rufaffe duk wannan yana shiga ciki, ƙasa da layin ruwa, har ma ya ƙara wa jirgin zama. A buɗaɗɗe yawanci a baya ake ɗaure shi a fili, ya ɗaga nauyi sama ya kuma tare iska. Ba banza ba manyan tafiye-tafiyen da aka sani a rufaffen jirgi aka yi su: Derek Hutchinson ya ƙetare Tekun Arewa daga Ingila a 1976, Frank Goodman da abokansa sun zagaye tsinin Kef Hon na Kudancin Amurka a 1977, Paul Caffyn ya zagaye Ostareliya tsakanin 1981 da 1982, Bajamushiya Freya Hoffmeister ta maimaita zagayen a 2009.

Duk da haka akwai buɗaɗɗun da aka yi don tafiya, masu tsawon mita 4 da rabi zuwa sama, masu bangaye da ma'aji, kuma jiragen tseren teku da ake zama a bisansu sun fi yawancin rufaffu gudu. Wanda ya ƙudurta sayen buɗaɗɗe don tafiya, irin mai tsawo da bangaye zai nema.

Mataki na huɗu: sayi tufafi kafin jirgi

Ka'idar ita ce a yi shigar ruwan da za a iya faɗawa, ko da rana na dukan ka. Tufafi iri biyu ne. Rigar niyofirin, wata roba mai laushi da ke manne wa jiki, tana barin ruwa kaɗan ya shiga jiki ya ɗumama shi, kuma kaurinta, milimita 3 ko 5, shi ke nuna yawan kariyarta. Tana da araha da juriya, amma idan ta jiƙe iska na kaɗawa tana sanyaya mutum, don haka sai an ɗora mata riga mai tare iska. Ɗayar ita ce rigar kulle, wadda ke rufe jiki gaba ɗaya, da roba mai kama wuya da wuyan hannu da zif da ruwa ba ya ratsawa. Ita kanta ba ta da ɗumi, bushewa kawai take bayarwa, ɗumin yana zuwa ne daga kayan ulu ko makamantansu da aka sa a ciki. Auduga ba ta da wuri a nan, domin tana riƙe gumi ta koma sanyi. Bayan an sa rigar a tsuguna a buɗe wuyan kaɗan iska ta fita, sannan a shafa zif da hannu har ƙarshensa a tabbatar ya kulle, domin rigar kulle da aka bari a buɗe cika take yi da ruwa.

A wannan mataki ne jiragen biyu suka fi rabuwa. Mai rufaffe rabin jikinsa na ƙasa yana cikin ɗaki, iska da feshin ruwa ba sa taɓa shi. Mai buɗaɗɗe duk jikinsa a waje yake tun daga fitowa, ruwan da ke ɗiga daga filafili yana sauka a cinyarsa, wanda ke tasowa ta ramuka yana jiƙa mazauninsa, iska kuma na busa shi awa bayan awa. Zai iya yin sanyi mai tsanani ba tare da ya kife ko sau ɗaya ba. Saboda haka a ruwan da ya gaza digiri 15 ban ga yadda za a yi doguwar tafiya a buɗaɗɗe ba tare da rigar kulle ba. Shi kuma mai rufaffe jarabawarsa ita ce ɗumin da yake ji a ciki ya rinjaye shi ya rage kaya, ya manta cewa da ya fita daga jirgin shi da mai buɗaɗɗe ruwa ɗaya suke ciki. A ƙara da hular niyofirin da safar hannu da takalma, rigar ceto kuma a jiki take zama a ɗaure tun daga gaɓa.

Gwada shigar taka kafin ka dogara da ita. Shiga ruwan da ƙafa a bakin gaɓa tare da wani a kusa, ka tsaya zuwa wuya na minti goma, sannan ka gwada buɗe murfi ko ɗaura igiya. Abin da yatsunka suka gaya maka shi ne gaskiya.

Mataki na biyar: kifar da jiragen biyu da gangan

Wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ari ko ka yi hayar kowane nau'i, ka je wuri mai kariya daga iska tare da malami ko gogaggen matuƙi, ka fara a ruwa mai ɗumi, daga baya ka maimaita a irin ruwan da za ka yi tafiya da cikakkiyar shigarka.

A buɗaɗɗe, da ka faɗa abu na farko shi ne ka riƙe jirgin. Jirgi mara kowa iska tana tafiya da shi da saurin da mai ninƙaya cikin rigar ceto ba zai kamo shi ba, kuma wannan ne babban haɗarin nau'in. Juyo shi ta hanyar miƙa hannu ta kan bayansa ka kamo gefen da ke can nesa ka jawo. Sai ka tsaya daidai wurin zama, ka bar ƙafafunka su taso bayanka har jikinka ya kwanta a saman ruwa, domin wanda ƙafafunsa ke rataye ƙasa jirgin kawai zai jawo wa kansa. Buga ƙafa da ƙarfi ka zame a kan jirgin har cibiyarka ta kai tsakiyarsa, ka ɗan dakata a haka, sannan ka mirgina mazauninka ya faɗa kujera ƙafafu na rataye a gefe, daga ƙarshe ka ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙarfin hannu yana gama wannan cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma da ya hau tafiya ta ci gaba. Sai dai ka lura da abubuwan da ke kawo cikas: aljihun rigar ceto da aka cika da kaya yana maƙalewa a gefen jirgi, kujera mai tsayi da kayan da aka ɗaure a sama suna wahalar da juyowa, kuma jirgi mai tsayin gefe yana gagarar mai nauyin jiki. Na ga mutum ya hau sau biyu cikin sauƙi, a karo na uku hannuwansa suka ƙi ɗaga shi, yana rungume da gefen jirgin yana haki, alhali ƙafarsa ba ta fi taku goma daga inda za ta taɓa ƙasa ba. Don haka a yi gwajin sau uku a jere, kada a tsaya a na farko.

A rufaffe aikin ya fi yawa, kuma yana farawa ne da koyon fita. Tun kafin ka bar gaɓa ka tabbatar madaukin da ke gaban marufin ƙugu yana waje, bai shige ƙarƙashi ba. Idan ka kife, sunkuya gaba, bi bakin ramin da hannu har ka taɓa madaukin, tura shi gaba sannan ka ja sama, ka dafa jirgin daidai ƙugunka ka ture shi kamar mai tuɓe wando. Daƙiƙa kaɗan ne, kuma tsoron maƙalewa da ke hana mutane da yawa wannan jirgi yakan tafi bayan an yi sau biyar ko shida. Fito da filafili a hannu ɗaya, jirgi a ɗayan.

Komawa ciki hanya uku ce. Mafi sauri da tabbas ita ce ta abokin tafiya: ya kama hancin jirginka ya jawo shi kan nasa a gicciye, ya ɗaga ruwan ramin ya zube, ya juyo shi ya jera shi da nasa, sannan ya kwanta a kansa da dukkan nauyinsa ya riƙe bakin ramin, kai kuma ka hau ta baya a kife, ka zura ƙafafu, ka juyo ka zauna. Mutum biyu da suka saba suna gamawa cikin minti biyu. Ta biyu ta mai tafiya shi kaɗai ce: a sa wa bakin filafili wata jakar iska, a gicciya filafilin a bayan ramin ya zama madogara, a hau, sannan a fitar da ruwa da famfon hannu. Tana aiki a ruwa mai laushi, amma a cikin raƙuman ruwan da suka kifar da kai tun farko tana da wuya ƙwarai, domin jirgi mai ruwa a ciki ba ya tsayuwa, ga famfo na neman hannu biyu, ga marufin ƙugu da za a mayar da yatsun da suka fara ƙagewa. Wanda ya taɓa fama da bakin wannan marufi yana zamewa daga baya duk lokacin da ya ja gaba, ruwa na sake shigowa, ya san cewa minti goman nan ba su da yawa. Ta uku ita ce mirginawa, wato dawo da jirgin daidai da filafili da murɗa ƙugu ba tare da an fita ba, dabarar da mafarautan Girinlan suka ƙware a kanta. Ita ce mafi kyau a ruwan sanyi domin daƙiƙa kaɗan mutum ke yi a ciki, amma sai an koya a hannun malami an kuma riƙa maimaitawa, kuma ko gwani tana iya kuɓuce masa, shi ya sa ba a barin sauran biyun.

Sa wani ya riƙe agogo a duk gwajin, a rubuta lokacin tun daga kifewa har zuwa sanda ka sake fara tuƙi.

Mataki na shida: yanke hukunci

Idan tafiyarka ta kwanaki ce, ko akwai ƙetare teku nesa da gaɓa, ko gaɓa mai duwatsu da ba a sauka ko'ina, a ruwan da ya gaza digiri 15, rufaffen kayak mai bango gaba da baya shi ne jirgin, da sharaɗin za ka ba koyon ceto lokacinsa kuma za ka riƙa tafiya da abokai. Idan ka san a ranka ba za ka yi wannan koyo ba, ko jikinka ba ya jure zaman rami, ko kamun kifi da nutso ne suka kai ka, to buɗaɗɗe mai tsawo ya fi maka aminci, amma da rigar kulle, da ɗamarar cinya da ke ba ka ikon riƙe jirgin, da gajerun tafiye-tafiye kusa da gaɓa. Rufaffe a hannun wanda bai taɓa gwada fita da komawa ba ya fi buɗaɗɗe haɗari.

Wajen saye, zauna a cikin jirgin da takalmanka da rigar da za ka sa. Zuba ruwa a ramin zama ka karkata jirgin ka ga ko yana ratsa bangaye zuwa ma'aji. A buɗaɗɗe duba gefen ramukan da kyau ko akwai tsaga, musamman idan an saba zura ƙarafan keken da ake jan jirgin da shi a tudu a cikinsu. Nauyin da kamfani ya rubuta iyaka ce ta ƙarshe, saboda haka kai da kayanka kada ku wuce kusan kashi uku cikin huɗu nata. Jirgin roba ya fi jure gogar duwatsu, na zaren gilashi ya fi sauƙin ɗauka da gyara. Don riƙe hanya idan iska na bugun gefe, wasu jiragen suna da ɗan fiffike da ake saukarwa a ƙarƙashin baya, wasu kuma sitiyari da ake sarrafawa da ƙafa, kuma kowanne ya wadatar.

Mataki na bakwai: lodi da ranar fita

Kaya masu nauyi, ruwan sha da abinci, a ƙasa suke zama kusa da wurin zama, marasa nauyi su tafi hanci da wutsiya, a kuma daidaita hagu da dama. Ƙananan jakunkuna masu hana ruwa sun fi manya shiga lungunan jirgi. A bar saman jirgin fayau in ban da taswira da famfo da filafilin ko-ta-kwana, a kuma nisanta gwangwani da ƙarfe daga kamfas.

Duba hasashen iska da jadawalin cikowa da janyewar teku. A yawancin gaɓoɓi teku yana cikowa sau biyu a yini, da tazarar kusan awa 12 da minti 25, kuma inda iska ta fuskanci gudun ruwa raƙuman ruwa suna miƙewa tsaye. Sabon matuƙi ya tsaya a mataki na 3 na ma'aunin ƙarfin iska na Bofot, wato iskar da ba ta wuce kilomita 19 a awa ba. Mafi yaudara ita ce iskar da ke busowa daga tudu zuwa teku, domin bakin gaɓa yana kwance lumui, sai an yi nisa a tarar komawa ta gagara, kuma buɗaɗɗe ya fi saurin tafiya da ita. A ranar 22 ga Maris 1993, a mashigin Lyme da ke kudancin Ingila, ɗalibai takwas da malaminsu da masu horarwa biyu sun fita gajeriyar tafiya a gefen gaɓa, iska ta tura su cikin teku, jiragensu suka cika da ruwa, ɗalibai huɗu suka rasu bayan sa'o'i a ruwan sanyi. Wannan ne ya sa Birtaniya ta yi dokar 1995 ta ba da lasisi ga cibiyoyin da ke fita da yara irin waɗannan wasanni.

Ka bar wa wani a tudu bayanin inda za ka bi, da lokacin dawowarka, da wanda zai kira idan lokacin ya wuce. Rediyon teku da ake neman agaji da shi a tasha ta 16, da na'urar da ke aika siginar neman ceto ta tauraron ɗan'adam, da usur, duk a jikin rigar ceto ake ɗaure su, domin abin da ke cikin ma'aji yana tafiya ne tare da jirgin idan kun rabu. A ma'aji kuma a ajiye busassun kaya cikakku da abin sha mai zafi, a jakar da za a fara cin karo da ita idan an buɗe murfi.